Zanen dattijon da ya ƙi tsayawa a gonarsa

## Asalin aikin

Wata mai zane ce da ta shekara 8 tana zana fuskokin mutane da fentin mai, kuma a wannan fanni hannunta ya faɗa. Sai dai kusan duk aikinta salo ɗaya ne: kai da kafaɗu, cikin ɗaki, hasken taga, bayan mutum kuma launi ɗaya mai duhu. Ɗakin aiki ɗaya muke da ita, don haka abin da zan kawo a nan a gabana aka yi shi, tun daga ranar da aka ɗaura kyalle a firam har ranar da aka zo aka ɗauki zanen.

Wata mata ce ta zo da buƙata. Tana so a zana mahaifinta, dattijo mai shekara saba'in da 'yan kai, a tsaye, daga cinya zuwa sama, kwarin da ya yi rayuwarsa yana nomawa kuma a bayansa. Abu uku ta ce lalle su fito: kogin da ya ratsa kwarin, jerin bishiyoyin da ke bakin gona, da tsaunin da ke can nesa. Aka daidaita a kan kyalle mai faɗin santimita 120, tsayi 90, wa'adi mako 12. Tsayin dattijon santimita 170 ne, kuma yana fama da gwiwa, ba ya iya tsayuwar da ta wuce minti 5 a jere.

## Mako na 1 zuwa na 3: zanen farko

Sau biyu dattijon ya zo ɗakin aiki. Ya tsaya kusa da taga, haske mai laushi yana sauka masa ta hagun zanen. Mai zanen kuma ta zauna a kujerar da ta saba, idonta santimita 115 daga ƙasa, tsakaninsu mita 1.5. Waɗannan lambobi daga baya aka auna su, a lokacin ba wanda ya kula. Ta fitar da kan da gawayi, ta bi da fenti, ya fito yadda ake so. Jiki da hannaye kuwa daga hoton waya ta ɗauko su, wanda ta ɗauka daga wannan kujerar, yana dogare da sanda a gabansa da hannu biyu.

Kwarin ita kaɗai ta je masa, da yamma. Ta hau wani tudu, ta karkata wayar ƙasa don kogin ya shigo sosai, ta ɗauki hotuna. Rana tana dama, da ƙarfinta, inuwar bishiyoyi ta miƙe zuwa hagu.

A kan kyalle ta sa dattijon a tsakiya cif, a kashi 3 cikin 4 na girmansa na gaske. Kansa ya ci santimita 17, tsakar kan tana santimita 75 daga ƙasan kyalle. Layin da sama ta haɗu da ƙasa ta ja shi a santimita 80, wato sararin sama bai wuce santimita 10 ba. Kogin, mai faɗin santimita 9, ya shiga ta bayan kunnen dama ya fita ta bayan kafaɗar hagu.

## Mako na 4: ƙorafin farko

'Yar dattijon ta zo duba aiki. Ta daɗe a tsaye, sannan ta ce, "Baba ne kam, ba musu. Gonar ma ita ce. To amma kamar an yanko shi da almakashi an liƙa."

Mai zanen ba ta yi gardama ba, don ita ma abin ya kwana biyu yana damunta, ta dai rasa sunan da za ta ba shi.

## Mako na 4 zuwa na 6: gyara uku

Tunda an ambaci almakashi, sai ta fara zargin gefen jiki. Ta ɗauki busasshen burushi ta bi kafaɗu da kunnuwa da gefen riga, tana narkar da su cikin launin baya. Kwana 3 ta yi a kai. Abin da ya fito shi ne mutum da wani hazo-hazo kewaye da shi, kamar hoton da hannu ya girgiza wajen ɗauka. Liƙewar tana nan, an ƙara mata dusashewa.

Na biyu, launi. Fuskar tana da launin cikin ɗaki, kwarin yana da ɗumin yamma. Ta haɗa siririn fenti mai ruwan ƙasa da ɗorawa, irin wanda ake ganin na ƙasa ta cikinsa, ta shafe kyallen gaba ɗaya, ta kuma zuba ɗan kore a inuwar fuska don ta yi kama da gonar. Launuka sun kusanci juna, wannan gaskiya ne. Amma farar rigar ta yi kamar wadda ta sha ƙura, dattijon kuma ya koma kamar wanda ya tashi daga jinya. Ta goge koren da tsumma tun bai bushe ba. Ruwan ƙasan kuwa ya riga ya kama.

Na uku shi ne wanda ya fi cin lokaci, kwana 8. Ta ce watakila kwarin ne ya cika surutu, yana gasa da fuska. Ta rage masa daki-daki, ta dusashe shi kamar yadda wayar hannu ke dusashe bayan mutum. A nan ne ma ta lura kogin yana shiga kunne, ta saukar da shi zuwa bayan kafaɗa. Fuskar ta fito fili, amma da aka kawo dattijon ya gani, tambaya ɗaya ya yi: "'Yata, ina kogin nawa?"

Mako 6 sun tafi, rabin wa'adi. Fenti ya yi kauri a wurare, musamman inda tsaunin yake da inda kogin ya fara bi.

## Mako na 7: zare da tambaya ɗaya

Tsohon malaminta ya biyo ta wurin, ta roƙe shi ya duba.

"Malam, fuskar ce, ko?"

"Fuskar lafiyarta lau. Ke dai gaya mini, a ina kike lokacin da kike kallon wannan?"

Ta ce a kujera. Ya nuna kwarin. Ta ce a kan tudu. Bai ƙara magana ba, ya nemi zare da ƙananan ƙusoshi.

Ga abin da ya dogara da shi. Layin da sama ta haɗu da ƙasa kullum yana daidai da tsayin idon mai kallo. Ka tsuguna, ya sauko. Ka hau bene, ya hau tare da kai. Saboda haka inda wannan layi ya ratsa jikin mutumin da ke gabanka, nan ne tsayin idonka yake a jikinsa. In tsayinku ɗaya kuma kuna tsaye a ƙasa ɗaya, ta idanunsa zai wuce. In kana zaune, ta ƙirji ko ƙugu. In kuwa ya wuce ta saman kansa, to kana bisa da shi, kuma dole ka ga tsakar kansa da saman kafaɗunsa, ƙarƙashin haɓa ya ɓuya.

A zanen, layin yana santimita 5 sama da kan dattijon. Amma ana ganin ƙarƙashin haɓarsa da ƙofofin hancinsa, domin daga ƙasa aka zana shi: idonsa yana santimita 158, nata 115, bambancin 43 a tazarar mita 1.5, wato ɗaga kai na kusan digiri 16. Malam ya lissafa inda santimita 115 ya faɗa a jikin da ke kan kyalle, ɗan sama da gwiwar hannu, ya ja zare a nan. Santimita 34 daga ƙasa. Ya ja zare na biyu a layin da ta zana, santimita 80. Tsakanin zaren biyu santimita 46, fiye da rabin tsayin kyallen.

Sannan ya sa yatsa a inuwar hanci, wadda ta faɗa dama, ya sa wani a inuwar bishiyoyi, wadda ta faɗa hagu. Ta hanci gefenta laushi, ta bishiyoyi kaifi. Daga ƙarshe ya auna hannaye. Sun fi fuska kusa da wayar da santimita 30, kuma a tazarar mita 1.5 wannan yana ƙara musu girma da kashi 1 cikin 4.

Ta ce ai manyan masu zane ma sun sa mutum a gaban fili da ake hangowa daga sama, ta kawo misalin zanen Mona Lisa da ke gidan adana kayan fasaha na Louvre a Faransa, wadda Leonardo da Vinci ya fara wajen 1503. Malam ya ce ta sake dubawa. Kwari da hanya da gada duk suna ƙasa, i, amma layin nesa yana wajen idanun matar, ita kuma tana zaune a baranda mai tsayi. Ita da mai zanenta a wuri ɗaya suke, tare suke bisa da ƙasar. Hawa tudu ba laifi ba ne, in dai kun hau tare.

## Mako na 8: ƙananan zane

Ta ajiye fenti kwana 4. A takarda ta yi ƙananan zane 12, kowanne santimita 8 da 6, da fensir, mataki huɗu kacal daga fari zuwa baƙi, ba ido ba hanci. A cikinsu ta gwada wurin mutum, wurin layin sama da ƙasa, da inda duhu zai taru.

Hanya biyu ce ta rage. Ko a bar kwarin yadda yake a sake zana kan daga sama, ko a bar kan a saukar da layin zuwa santimita 34. Ta ɗauki ta biyu, saboda kan shi ne abu mafi kyau a kyallen, kuma dattijon ba zai jure wata doguwar tsayuwa ba. Abin da za ta rasa a fili yake: ƙasar da ta ci santimita 80 yanzu za ta matsu cikin 34, kogi mai faɗin santimita 9 zai koma 2.

Ta kuma matsar da shi daga tsakiya. Tsakiyar fuska ta koma santimita 42 daga hagu, kusa da kashi ɗaya cikin uku na faɗin, dama kuma ta buɗe ga kwarin. A nan ta daɗe tana kallon zanen Thomas Gainsborough na Mr and Mrs Andrews, na wajen 1750, wanda ke gidan adana zane na National Gallery a Landan: ma'auratan sun taru a hagu a gindin bishiya, gonarsu ta cinye sauran faɗin. Abin da ta ɗauka a wurinsa shi ne bishiyar. A kan tudun akwai wata babba, ta yanke shawarar sa ganyenta a bayan gefen fuskar da haske ke bugu, gefen inuwa kuma ya jingina da hasken sama. Haske a kan duhu, duhu a kan haske, ta yadda gefen kai zai fito ba tare da an zagaye shi da layi ba.

Tsohon kyallen ta jingine shi. Tudun fentin da ya taru zai nuna ta ƙarƙashin sabon sama, kuma fentin mai yana ƙara zama shara-shara in ya tsufa, har abin da aka rufe ya riƙa leƙowa bayan shekaru. Ta ɗora takarda shara-shara ta kwafi layukan kan, ta mai da su sabon kyalle mai girma ɗaya. Ta kira 'yar dattijon ta ce wa'adi zai wuce da mako 3.

## Mako na 9 da na 10: komawa tudu

In ka fuskanci kwarin daga tudun, yamma tana dama, gabas tana hagu. Ranar da ta ba ta haske ta dama da yamma ita ce za ta ba ta ta hagu da safe, daidai da tagar ɗaki. Saura laushi. Wannan sai da ta jira safiyar da siririn gajimare ya rufe rana, lokacin da haske ke da inda yake fitowa amma inuwa ba ta da kaifi. Cikin kwana 11 ta sami irin wannan safiya sau 3.

Ta tafi da kujerarta ta ɗaki, don ido ya zauna a 115. Wani saurayi mai tsayin dattijon ya sa rigar ya tsaya mata. Kowace safiya minti 40 kawai take yi, domin rana tana tafiyar digiri 15 a awa, bayan haka inuwa ta riga ta sauya. A ƙananan alluna na santimita 24 da 18 take aiki, ba ta neman kama, launi da nauyin duhu kawai take rubutawa.

Babban kyallen bai je tudu ba, kuma ina ganin ta yi dabara. Claude Monet, mai zane ɗan Faransa, a 1866 ya so ya zana wasu mata cikin lambu a waje kai tsaye, a kyalle mai tsayin da ya haura mita 2.5, har ya sa aka haƙa rami ana saukar da kyallen ciki don ya kai samansa ba tare da ya sauya tsayin idonsa ba. Ramin nan ya nuna yadda ya ɗauki zancen layin ido da muhimmanci. Ba kowa ke da ƙarfin haƙa rami ba.

A safiya ta uku aka kawo dattijon da mota har kan tudu. Ya tsaya sau 4, minti 5 kowanne. Daga mita 4 ta auna hannayensa, inda ƙarin girman bai kai kashi 1 cikin 10 ba. Sannan ta matso ta kalli fuskar a waje, ta rubuta abu uku da ɗaki bai taɓa nuna mata ba. Goshi da doron hanci da saman kunci suna ɗaukar sanyin launin sama. Ƙarƙashin haɓa yana ɗaukar launin ƙasa da ciyawar da yake tsaye a kai, wato koren da ta zuba a mako na 5 yana da wuri, amma wuri ɗaya ne, ba duk inuwa ba. Na uku, fuskar gaba ɗayanta ta fi sama duhu, har gefen da haske ke bugu.

Na ukun nan shi ya fi girgiza ta. Shekara 8 tana sa fuska ta zama abu mafi haske a kyalle. Da ma'auni mai mataki 9, fari 1 baƙi 9, hasken fuskar a zanen farko yana mataki na 2. A kan tudu ta same shi a na 4, inuwar fuska a na 6, sama tsakanin 2 da 3, shimfiɗar gona 4 zuwa 5, ganyen bishiyar kusa 7. Tsaunin nesa, wanda a hoton waya ya yi duhu, a ido bai wuce 4 ba, kuma ya ja zuwa shuɗi, saboda iskar da ke tsakani tana rage duhu da ƙarfin launi gwargwadon nisa. Abu ɗaya ne ya kai mataki na 1: kafaɗar rigar ta hagu.

## Mako na 11 zuwa na 15: zane na biyu

A wannan karo ba ta gama kai ba sannan ta koma baya. Ranar farko ta rufe kyallen duka da fenti marar kauri, sama da ƙasa da bishiya da mutum, kowanne a matakinsa. Bayan haka duk ranar da ta taɓa gefen fuska sai ta taɓa saman da ke maƙwabtaka da shi tun dukkansu suna ɗanye. Gefen kafaɗar dama ta bar shi da kaifi. Gefen gashi ta hagu ta bar shi ya ɓace cikin ganye.

Kogin ya fito daga bayan gwiwar hannu, ya lanƙwasa zuwa dama, siririn haske mai faɗin yatsa. Ta duba kada wani layi ya sumbaci wani: ƙolin tsauni ta matsar da shi santimita 7 don kada ya zauna daidai kan hannun riga, jerin bishiyoyi kuma ta sa sandar ta ratsa shi sosai maimakon ta tsaya a bakinsa. Kowane kwana biyu tana ɗaukar hoton aikin a fari da baƙi, tana kuma kallonsa a madubi.

Sau ɗaya ta koma gidan jiya. A mako na 13 ta haskaka goshi don ya "fito", washegari hoton fari da baƙi ya nuna goshi da sama sun zama ɗaya, kan ya huje. Ta kankare da wuƙar fenti ta mai da shi na 4.

A ƙarshen mako na 15 suka zo. 'Yar ba ta ambaci almakashi ba. Dattijon ya matsa kusa, ya sa yatsa dab da lanƙwasar kogin ba tare da ya taɓa ba, ya shiga ba ta labarin shekarar da ruwa ya ci wannan gefen.

## Hukunci

Gyaran nan uku na farko ba na wauta ba ne. Gefen jiki ya yi kaifi da gaske, launuka sun saɓa da gaske, kwarin kuma ya cika surutu. Amma dukkansu rassa ne. Saiwar ita ce zanen yana da masu kallo biyu, ɗaya a kujera ɗaya a tudu, da rana biyu, ɗaya a hagu ɗaya a dama. Ido yana gane wannan ko da mai idon bai san sunansa ba, kamar yadda 'yar dattijon ta gane cikin minti biyu. Burushi kuwa ba ya gyara shi, domin kafin a buɗe fenti aka yi kuskuren. Mako 3 suka tafi a gyaran saman kyalle, alhali zare da ƙusa sun nuna matsalar cikin rabin awa.

A ganina ƙwarewarta ce ta jinkirta ta. Baya mai launi ɗaya ba ya tambayar ka tsayin idonka, don haka shekara 8 ba ta taɓa buƙatar sanin cewa 115 ne ba. Wayar ma ta taimaka wajen ɓata lamarin: ta ba ta damar ɗauko mutum da wuri a ranaku daban, daga tsayi daban, ba abin da ya tilasta mata haɗa su sai a kan kyalle.

Shawarar barin kai a saukar da ƙasa ita ce daidai ga wannan aiki, amma ba ita ce kaɗai ba. Da dattijon yana da ƙarfin tsayuwa, da na fi son a sake zana shi duka a kan tudu daga mita 4, layin ya ɗan hau zuwa ƙirji, gonar ta sami ƙarin wuri. Bishiyoyin da 'yar ta nema sun fito, amma ƙanana ne, sai an matso ake ƙirga su.

Akwai kuma aibin da ya rage. Kan daga mita 1.5 aka gan shi, hannaye daga mita 4, saboda haka haɓar ta ɗan ɗagu fiye da yadda jikin ke bukata. Ta rage faɗin inuwar ƙarƙashin haɓa da kusan rabin santimita, bai kawar da shi duka ba. Iyalin sun karanta shi a matsayin tsayuwar mutum mai alfahari da ƙasarsa. Malam, da ya gan shi bayan wata 6, ranar da aka dawo da zanen don a shafa masa man ƙyalli, ya sa hannu ya rufe jikin ya kalli kan, ya rufe kan ya kalli jikin, ya ce mata a aiki na gaba ta auna tazara kamar yadda ta auna tsayi.